Takalmin Hanyar Buza

A shekarar 1977 aka turo ni aikin majo, wato ma'aikacin jinya, a likita, ɗan ƙaramin asibitin Tsaunin Gawo, wani ƙauye da ke bayan Deule bisa tudun duwatsu. Ni ɗan Madawa ne, a bakin kwalta na tashi, saboda haka ranar da na sauka daga kamyo, babbar motar kaya, na dubi ƙasar sai da na tambayi direba ko na yi wa wani laifi ne a ofis. Dutse gaba, dutse baya, gona ma sai an kwashe tsakuwa kafin a samu wurin jefa iri. Likitar ɗaki biyu ce da rumfa, ma'aikatanta kuma mu biyu ne, ni da Takawa.

Takawa shi ne ɗan aike. Dogo ne siriri, shekarunsa talatin da ƴan kai, magana kuwa sai ka ja ta daga bakinsa. Aikinsa zuwa Buza ran Litinin da ran Alhamis. Ya kai takardu, ya dawo da magani, amma babban abin da yake ɗaukowa shi ne allurar rigakafin yara. Firji a Buza yake, mu ba mu da shi. Sai a jera kwalaben a cikin wani ɗan akwatin sanyi, a kewaye su da ƙanƙara, a ɗaura masa a baya. In ƙanƙarar ta narke kafin ya iso, maganin ya mutu, sai zubarwa. Hanyar mota zagaye take yi mai nisa, da damina kuma ƙoramu su yanke ta. Ta kan dutse kilomita sha tara ce, ba abin da ke bin ta sai ƙafa da jaki. Shi ya sa Takawa ba tafiya yake yi ba, sassarfa yake yi. Ya fita bayan sallar asuba, kafin rana ta kai tsaka ya dawo, mata na zaune a rumfa da goyonsu suna jiransa.

Duk wannan gudun ba takalmi yake yinsa. Tafin ƙafarsa ya fi ƙasan takalmina kauri. Na taɓa ganinsa zaune yana cire ƙayar aduwa da tsinke, yana ba ni labarin tunkiyarsa, ko fuska bai ɓata ba. Na ce masa ya nemi takalmi. Ya dube ni kamar na ce ya nemi wutsiya.

"Majo, ƙahwata ta hi kowane takalmi," in ji shi. "Ba ta tsinkewa, ba a manta ta gida."

Na bar shi, don gaskiya ƙanƙara ba ta taɓa narke masa ba.

Ƙarshen daminar 1979 ya taka wani guntun gwangwani mai tsatsa a cikin yashin ƙorama. Akwati na bayansa, saboda haka bai tsaya ba, ya ƙarasa gudunsa. Bai faɗa mini ba. A gida aka ɗiga masa man shanu mai zafi a ciwon, yadda ake yi, aka ɗaure da tsumma. Kwana biyar bayan haka wari ne ya tona masa asiri. Na yi faɗa ranar har murya ta dushe, ga mutum yana aiki a likita yana ɓoye wa likita ciwo. Na sa shi a mota zuwa asibitin mishan da ke kusa da Madawa. Can aka yanke masa ƙananan yatsu biyu na ƙafar hagu, aka ɗebe nama daga gefen tafin. Wata ɗaya da rabi ya yi kwance.

Ranar sallama, Barnabas, ma'aikacin da ke wanke masa ciwon, ya ja ni gefe.

"Majo, kai ma ka sani," ya ce. "Hwatar ga sabuwa ta, awa ta jinjiri. In ya koma bisa dutsi ba takalmi, sauran ƙahwar za mu cirewa. Ka hwaɗa mishi da babbar murya, don mutanen tudu ba su jin ƙarama."

Lokacin da Takawa ke kwance mun gwada wani mai jaki. Mutumin kirki ne, jakin ma ba laifi, amma ruwa suke kawo mini a akwati. Babban likitan da ke samanmu a Buza ya kira ni. Bai yi mugunta ba, lissafin aiki ya yi. Ya ce ya ba mu zuwa faɗuwar damina mai zuwa. In har lokacin allura ba ta isowa da sanyinta kowane mako, za a mayar da ranar rigakafi Buza, matan su riƙa tattaki da ƴaƴansu, a kuma soke sunan Takawa daga aiki. Gonar Takawa hatsin wata huɗu take bayarwa in shekara ta yi kyau, ga baki biyar a gidansa. Na dawo na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ƙafar kawai ya duba.

Daga nan neman takalmi ya zama aikinmu na biyu. Na samu bayan wani kwali na rataye a bango, duk takalmin da ya gwada in rubuta lokacin da ya dawo, yadda ƙanƙara take, da yadda ƙafa take.

Da na taya muka fara. Iro, baduku a kasuwar Buza, shi ya yanka masa daga tsohuwar tayar kamyo. Wajen ƙarko ba a magana, jikanka ma zai gaje shi, kuma yana kama dutse da kyau. Amma igiyar fatar daidai kan tabon take bi, tsakuwa kuma ta shiga ta gefe ta zauna a inda yatsun suke da. Zuwa biyu ya yi da shi, tabon ya tsage. Iro ya sake wa igiyar wuri har sau uku, daga baya ya ce shi baduku ne, ba likita ba.

Sai na roba, wanda ƴan ci-rani ke kawowa daga Abija, birnin can na bakin teku. Ba shi da nauyi ko kaɗan, da safe daɗi gare shi. Da rana ta ɗaga dutse ya yi zafi, sai robar ta yi laushi, gumi ya cika ta, ƙafa ta riƙa santsi a ciki. Ya dawo da bororo uku a diddige, igiya ɗaya ta tsinke, ya liƙe ta a hanya da wuƙar da ya ɗumama a wutar wasu makiyaya. Na rubuta a kwali cewa wannan na zuwa rijiya ne.

Wani tsohon soja a ƙauyen ya ji labari ya aiko da bot ɗinsa na aiki. Wannan kam ya tsare ƙafa, ko maciji sai dai ya haƙura. Sai dai kowane ɗaya ya kai nauyin tulun yaro. Takawa ya iso bayan azahar yana jan ƙafa, na buɗe akwati na tarar da kwalabe suna iyo. Mata ashirin da ɗaya na mayar gida ranar ba allura. Muka mayar wa tsoho kayansa da godiya.

Farin tenis ni na sayo shi a Madawa, cikin kayan da ke shigowa daga Najeriya. Yadi ne mai laushi, bai taɓa tabon ba. Takawa ya so shi so na gaske. Kowane marece sai ya wanke shi ya shafa masa farar ƙasa. Mako uku ana haka, ƙanƙara na isowa, sai na lura da abu biyu. Takalmin bai ci ko kaɗan ba, tabon kuma kullum da ɗan jini. Wata Alhamis na je duba wata mai jego a wata ruga da ke kan hanyar, ina dawowa na hango shi tafe. Tenis na rataye a wuyansa an ƙulla igiyoyin, fari fat. Ƙafar hagu naɗe da tsumma, ta dama tsirara.

"Takawa, mi nika gani haka?"

"Dutsin ga shina cinye shi, Majo. In na kusa gari sai in sa."

"Don wa anka saye shi? Don mutanen gari ko don ƙahwakka?"

"Kowa haka shika yi," ya ce. "Wa ka bin dutsi da sabon takalmi?"

Gaskiyarsa, kowa haka yake yi. A ƙasar nan takalmi na shiga gari ne, na sallah da ɗaurin aure. Mutum zai yi tafiyar yini da takalminsa a kafaɗa, sai ya hango rumbunan gari ya kakkaɓe ƙafa ya sa. Amma ranar ban ga abin dariya ba. Na zaunar da shi kan dutse na sa ya sa takalmin a gabana, na ce masa ko dai takalmi ya ƙare ko ƙafa ta ƙare, ya zaɓa. Ya zaɓi ya tsira da ƙafa, ransa bai so ba. Kwana ashirin bayan haka ƙasan tenis ya huje, babban yatsa ya leƙo ta gaba. Ya kawo mini gawar takalmin ya ajiye kan tebur.

Duk begenmu ya koma kan Inuwa, ƙanin matarsa Saude, wanda ke zuwa ci-rani Abija bayan girbi ya dawo gab da shuka. Tun da zai tafi Takawa ya ba shi saƙon takalmin gudu na gaske, irin wanda ake kira baskit. A nan ba a san lambar ƙafa ba. In za a yi maka sayayya daga nesa, karan gero ake yankewa daidai tsawon ƙafarka, mai saye ya tura shi cikin takalmin, in ya kwanta daidai shi ke nan. Takawa da kansa ya yanke karan, da sassafe ranar da motar su Inuwa za ta tashi.

Inuwa ya dawo cikin watan Mayu, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Takalmin da ya kawo sai da ƙauye ya taru kallo. Shuɗi ne da ratsin fari, ƙasansa mai kauri da laushi, bakinsa da soso. Takawa ya sa, ya zauna masa cif. Na ce a raina wahala ta ƙare.

Ran Litinin ya fita da shi. Ya dawo a makare, yana ɗingishi, rabin ƙanƙara ta tafi. Da ƙyar muka zare takalmin. Farcen babban yatsa ya yi baƙi, tabon ya buɗe, safa ta manne da jini. Ya ce zuwa lafiya lau, a dawowa ne takalmin ya fara cizonsa, kafin rabin hanya kamar an sa ƙafar a maƙera. Saura mako biyu babban likita ya zo ya gani da idonsa.

Na zagi kamfanin da ya yi takalmin. Na zagi ƴan kasuwar Abija. Na aika aka kira Inuwa na ce ya karya karan a hanya ya ɓoye. Bawan Allah ya je ya ɗauko shi daga cikin jakarsa, lafiyarsa lau, ya tura cikin takalmin a gabana, ya kwanta daidai. Na ɗora shi a tafin Takawa washegari da safe, daidai. Kara daidai, takalmi daidai, ƙafa daidai, amma ga jini. Na tsaya gaban kwalina na rasa abin rubutawa, kuma tsoro ya kama ni, don na fara ganin ranar da zan ce wa mutumin nan ya ajiye akwati.

Da la'asar na je gidansa sake ɗaurin ciwo. Saude na tsakar gida tana tankaɗe. Mace ce gajera mai kaifin ido, shekara uku ina ƙauyen gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ita ce kowace Litinin da Alhamis take dafa ruwan bagaruwa ta zuba a kwano, in ya dawo ya tsoma ƙafafunsa, ta matsa masa su. Ina cikin mita a kan takalman zamani sai ta ajiye rariya.

"Majo, in yi magana?"

"Yi mana, Saude."

"Ƙahwar da kunka auna, ba ita ka dawowa daga Buza ba."

Ta shiga ɗaki ta zaro wani kara daga cikin jinka ta miƙo mini. Ta ce ranar da ya dawo da na roba ta yanke shi, lokacin ƙafar na cikin kwano. Na haɗa shi da karan Inuwa. Nata ya fi tsawo da faɗin yatsa guda. Ta kuma kwance wani zare daga bakin zanenta, ta ce wannan kaurin ƙafar ne a wajen tabon, shi ma na marece.

"Da sahe ƙahwatai ƙarama ta," ta ce. "In ya yi gudu sai ta kumbura, ta baje. Shekara goma sha biyu ina riƙa ta da hannuna. Kwanon ga ma, da sahe duka biyu suna shiga, da marece sai ɗaya bayan ɗaya."

"To mi ya hana ki hwaɗi tun ran da anka yanke karan?"

"Maza na ka shawara tasu," in ji ta. "Ba a tambaye ni ba."

Kunya ta rufe ni. Ni ne na yi karatun jikin mutum shekara uku, na san ƙafa na kumbura in ta sha tafiya, na faɗa wa masu ciki haka sau ba adadi. Ban taɓa haɗa shi da kara ba. Takawa kuwa ya dubi matarsa ya dubi karan, ya ce, "Ashe."

Abija ta yi nisa, shi kuma ƙafarsa na ɗaure, ba halin gwaji. Ranar kasuwar Madawa na shiga mota da karan Saude a aljihun gaba, zaren a ɗaure jikinsa. Na wuce masu sababbin kaya na nufi ƴan gwanjo, inda ake zube takalman Turai a kan tabarma kamar tulin albasa. Mai kayan ya ga ɗan gari da rigar aiki, ya fara jero mini masu suna. Wannan shi ƴan ƙwallo ke sawa, wancan daga Faransa ya zo, wannan ko kumandan mai mulkin gari irinsa gare shi. Ni dai ina tsugune ina tura kara. Mai kyau ya yi gajere. Mai tsawo ya yi tsukuku a gaba, zare ya ƙi. Wani ya yi daidai amma ƙasansa na lanƙwasa shi da yatsa biyu, na tuna da tenis na ajiye. Na fi awa guda a wurin, har mai kayan ya daina yi mini magana.

Wanda kara da zare suka yarda da shi wani toka-toka ne mai faɗin baki, mummuna, tambarinsa ya goge har ba a sanin wa ya yi shi. Igiyar ɗaya baƙa, ɗaya ja. Ƙasansa na da tauri a tsakiya, yana lanƙwasuwa a gaba, cikinsa kuma ba ɗinki a gefen da tabon zai kwanta. Mai kayan ya ce in dai wannan zan ɗauka, kada in ce a wurinsa na saya.

Da Takawa ya sa shi da safe sai ya ɓata fuska. Ya ce ƙafarsa na yawo a ciki, ya yi masa yawa, mutane za su ce na aro ne. Saude ta ce ya ja igiya ya yi shiru.

Alhamis ɗin da babban likita ya zo, an yi yayyafi da asuba, rana kuma ta fito da ƙarfinta. Mata sun cika rumfa har waje. Baƙon ya zauna a kujerata yana duban agogo, ni kuma na kasa zama, sai shiga da fita nake yi kamar mai jiran haihuwa. Sha ɗaya da kwata muka hango kan Takawa yana tasowa daga bayan tudu, da sassarfar nan tasa ta da. Ya sauke akwati, babban likita ya buɗe da kansa. Ƙanƙara na nan da ƙarfinta, har tana manne wa yatsa. Ni ba akwatin nake kallo ba. Na durƙusa na kwance igiyar ja, na zare takalmin hagu. Ƙafar ta cika shi taf, ba wurin sa tsinke, safa kuma busasshiya, ba ɗigon jini. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Babban likita ya ce a ci gaba yadda ake yi, ya sha fura ya hau motarsa.

Shekara bakwai Takawa ya ƙara a kan hanyar. Da ƙasan toka-tokan ya cinye, Iro ya ɗinka masa siririyar taya, ya sake ɗinka wata. Da saman ya mutu na koma gwanjo da karan Saude na samo wani, daga baya wani kuma. Ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa, ban kuma riƙe sunan ko ɗaya ba. Shuɗin nan na Abija Inuwa ne ya gaje shi, yana sa shi ranar sallah. Mutane kan tambaye ni wane irin takalmi ya fi don gudu, tunda an san na yi bincike. Nakan ce su je su yi gudun tukuna, sannan su auna.

A 1987 aka kawo mana firji mai aiki da kananzir, aka kuma ba likitar babur. Abin alheri ne, ba mai musu, yara sun huta, mata sun huta. Aikin ɗan aike ya ƙare. Aka bar Takawa a matsayin mai gadi da shara, albashinsa bai yanke ba, na yi ƙoƙari a kan wannan. Ya karɓi tsintsiya bai yi gardama ba. Sai dai ran Litinin da ran Alhamis yakan riga kowa zuwa, ya tsaya bakin rumfa yana duban tudu har babur ya tashi.

Wata uku bayan haka, wani marece ina rufe ƙofa, na ji tafiyarsa a bayana, takalmin na faɗar ƙasa fal-fal. Ya ja igiyar har bakin ya haɗe, duk da haka diddigensa na fita. Na ce masa ko in samo wani in na je Madawa. Ya ce to. Na ce ya karɓo mini karan wurin Saude.

"Ta ce a yanke sabo," ya ce. "Wancan ya yi tsawo yanzu."

Ya ɗan tsaya yana kallon ƙafafunsa.

"Ko yaushe anka auna ɗaya na, Majo. Sahe da marece duk ɗaya."

Na ce masa gobe ma yanka. Ya ɗauki tsintsiyarsa ya jingine bayan ƙofa, ya nufi gida a hankali.